Yadda za ka ƙara wa kwamfutar tebur gudu domin wasan gem

Da zarar gem ya fara kakkafewa, yawancinmu kasuwa muke nufa neman sabon katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan da ke fitowa a allo. Amma sau da yawa abin da ke danne na'urar bai kai haka ba: ƙura ce ta toshe fanka, ko an soka wayar monita a ramin da bai dace ba, ko ram ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yana gudu ƙasa da ƙarfinsa tun ranar da aka haɗa kwamfutar. Don haka za mu fara ne da awo, mu bi duk gyaran da ba ya cin kuɗi, maganar saye kuma ta zo a ƙarshe. Ka bi matakan a jere, domin gyara ɗaya yakan ɓoye matsalar wani idan an yi su a birkice.

Mataki na 1: Ka auna kafin ka taɓa komai

Sauke MSI Afterburner daga shafin kamfanin MSI kansa, domin akwai shafukan bogi da ke raba shi haɗe da ƙwayar cuta. Kyauta ne, kuma yana aiki da katin hoton kowane kamfani. Yana zuwa da wata manhaja mai suna RivaTuner, ka bari ta shiga tare da shi. A saitinsa ka shiga sashen Monitoring, ka zaɓi waɗannan su riƙa fitowa a gefen allo yayin wasa: yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa, wato FPS, tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto, nauyin aikin da ke kan katin hoto da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfutar), zafin kowannensu, da yawan ram ɗin da ake ci.

Yanzu buɗe gem ɗin da ka fi bugawa, ka zaɓi wuri ɗaya mai cunkoso, ka yi wasa na kamar minti 15, ka rubuta alƙaluman a takarda. Wannan wurin za ka riƙa komawa bayan kowane gyara, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ga yadda ake karanta su. Idan katin hoto yana kan kashi 95 zuwa 100 cikin 100, shi ne iyakarka, kuma haka ake so. Rage saitin hoto zai ƙara maka gudu. Idan kuwa katin yana zaune a kashi 60 ko 70 alhali FPS ya yi ƙasa, to wani abu ne ke riƙe shi, galibi furosesa ko ram. Kada jimillar aikin furosesa ta ruɗe ka. Tana iya nuna kashi 40 kawai, alhali ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa, wato ƙananan sassan da ke raba aikin a tsakaninsu, ta cika maƙil, kuma ita ce gem ɗin ya dogara a kanta. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka sauke girman hoton zuwa 1280×720. Idan FPS ya yi tsalle sama, katin hoto ne ya gaza. Idan bai motsa ba, kada ka ɓata kuɗinka a kan sabon kati.

Ka sa ido sosai a kan tazarar lokacin nan. A FPS 60, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. Idan layin da ke nuna tazarar a allo yana tafiya miƙe, wasa zai yi santsi ko da lambar ba ta da yawa. Idan yana yin tsini jefi-jefi, wannan ne tsayawar da kake ji a hannunka, ko da saman allo na nuna 90.

Mataki na 2: Wayar monita da saurin allo

Leƙa bayan kwamfutar. Idan kana da katin hoto na daban, dole wayar HDMI ko DisplayPort ta shiga cikin ramukan katin, waɗanda suke can ƙasa a kwance, ba na madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke haɗe da shi, waɗanda suke sama kusa da ramukan USB ba. In ka soka a sama, mai yiwuwa ɗan ƙaramin sashen hoto na cikin furosesa ne ke ta fama, katin da ka saya da tsada yana zaune.

Sannan idan monitarka mai 144Hz ce ko 165Hz, wato yawan sabunta hoton da take yi a daƙiƙa, Windows yakan bar ta a 60Hz. Shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka ɗaga ta zuwa iyakarta. Idan babbar lambar ba ta fito ba, gwada wayar DisplayPort.

Mataki na 3: Zafi da ƙura

A nan zan fi daɗewa, domin a wajenmu nan ne aka fi asarar gudu ba tare da an sani ba. Furosesa da katin hoto suna da tsarin kare kai: idan zafi ya kai wani mizani, sai su rage gudunsu da kansu don kada su ƙone. Yawancin furosesan Intel suna yin haka a wajen digiri 100, Ryzen 7000 na AMD kuma an ƙera su su tsaya a 95. Katunan NVIDIA da dama suna fara ja da baya tun daga wajen digiri 83. Alamar ita ce gem ya fara lafiya lau, bayan minti 10 ko 20 sai ya soma nauyi.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Duk digirin da ɗakin ya ƙaru da shi, kusan haka na'urar za ta ƙaru. Kwamfutar da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 ba za ta yi irin wannan aikin ba a Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa ta daskare tsakanin siraran ƙarafan sanyaya.

Kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Fitar da ita waje, ka buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. Yi amfani da injin hura iska da burushin fenti mai laushi. Duk fankar da za ka hura wa iska, ka riƙe ta da yatsa, domin juyawar da ta wuce kima tana lalata ta. Ka bi fankar furosesa, da na katin hoto, da ragar gaba da ta ƙasa. Akwatin wuta kuwa, wato wanda ke raba wa kayan ciki lantarki, daga waje kawai za ka hura masa. Kada ka kwance shi, yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum lahani ko bayan an zare shi. A lokacin hunturu ka maimaita wannan duk wata, sauran shekara kuma bayan wata 3.

Idan bayan shara zafin furosesa bai sauka ba, kuma kwamfutar ta haura shekara 3, to man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Sayi mai kyau irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1. Kunna kwamfutar na ɗan lokaci tukuna don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka kwance sukurorin a gicciye, ka ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Wannan murɗawar tana da muhimmanci ga masu Ryzen na soket AM4, domin in ka fizga kai tsaye furosesan na iya biyo ƙarfen ya lanƙwasa ƙafafunsa. Goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da sinadarin isopropyl, ka ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure a gicciye. Matsin ƙarfen ne zai baza shi.

Duba alƙiblar fankokin akwatin: na gaba su jawo iska ciki, na baya da na sama su fitar. Ɗaga kwamfutar daga kan siminti ko kafet, ka ba ta tazara daga bango, kuma kada ka kulle ta cikin durowar tebur.

Mutane suna yawan tambaya a kan tura na'ura ta wuce gudun da kamfani ya sa mata. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ban ga amfaninsa ba, ƙarin kaɗan ne, zafin kuma da yawa. Akasin haka ma ya fi dacewa da mu: a Afterburner ka sauke Power Limit na katin hoto zuwa kashi 80 ko 85. Sau da yawa gudun da za ka rasa ɗan kaɗan ne, amma zafi da ƙarar fanka da cin wuta duk za su ragu, katin kuma ya daina hawa da sauka.

Mataki na 4: Abin da ke cikin BIOS

Buɗe Task Manager ta hanyar danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka danna Memory, ka ga gudun da aka rubuta. Idan ram ɗinka DDR4 ne mai lamba 3200 a jikinsa amma ka ga 2133 ko 2400, ko DDR5 mai 6000 amma ka ga 4800, to ba a buɗe masa ƙarfinsa ba. Sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna Delete ko F2 har BIOS, wato shafin saitin madabod da ke buɗewa kafin Windows, ya fito, ka nemi XMP, saitin da ke buɗe wa ram cikakken gudunsa. A sababbin madabod na AMD sunansa EXPO, a wasu na ASUS kuma DOCP. Zaɓi tsari na farko, ka adana, ka fita. In kwamfutar ta ƙi tashi, kada hankalinka ya tashi: yawancinsu suna komawa saitin farko da kansu, in kuma ba ta koma ba, zare wuta ka cire ɗan batirin nan mai faɗi na madabod na 'yan mintoci ka mayar.

Ram guda biyu sun fi guda ɗaya ko da jimillarsu ɗaya ce, domin hanyoyi biyu suke buɗewa zuwa furosesa. Gigabait 8 sau biyu ya fi gigabait 16 tilo. A madabod mai ramuka huɗu, galibi rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sakawa. Ka tabbatar a littafin madabod ɗinka. Masu wasa da furosesa irin Ryzen 5 5600G ba tare da katin hoto ba su ne za su fi ganin bambancin, tunda sashen hoton nasu da wannan ram ɗin yake aiki.

Idan katinka RTX 30 ne ko sama, ko Radeon RX 6000 ko sama, ko Intel Arc, kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR a cikin BIOS, saitin da ke ba furosesa damar isa ga dukan ma'ajiyar katin lokaci guda. Katunan Arc kam ba sa yin abin kirki sai da shi. Sai dai yana buƙatar a kashe CSM, wani saitin BIOS na tayar da kwamfuta da tsohon tsari, kuma idan an saka Windows ɗinka da tsohon tsari, kashe CSM zai hana shi tashi har sai ka mayar. Sabunta BIOS kuwa, kada ka soma shi sai kwamfutar tana kan UPS, wato na'urar batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin tana iya kashe madabod.

Mataki na 5: Direba da Windows

Sauke direban katin hoto, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin, daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel kai tsaye, kada ka dogara da wanda Windows ya saka maka. Idan ka canza kati daga wani kamfani zuwa wani, ko gem na yawan rufewa da kansa, yi amfani da manhajar DDU a cikin Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai, ta share tsohon direba gaba ɗaya kafin ka saka sabo. Bayan sabunta direba gem kan ɗan yi tsaye-tsaye a mintocin farko, yana sake gina wasu fayilolinsa ne, zai wuce.

A Task Manager akwai sashen Startup apps. Kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfuta. Rufe burauza kafin wasa, musamman in ram ɗinka gigabait 8 ne. A Settings, ƙarƙashin Gaming, bar Game Mode a kunne, ka kashe ɗaukar bidiyon da ke gudana a bayan fage. Tsarin wuta kuma ka mayar da shi Best performance in kana kan Windows 11.

Manhajojin da ke alƙawarin ninka gudun gem da dannawa ɗaya, da masu cewa suna wanke rajistar Windows, ka rabu da su. Mafi kyawunsu abin da ka riga ka yi da hannunka suke yi, sauran kuma talla suke loda maka. Abin da ya fi su muni shi ne gem ɗin da aka fasa. Wasu suna zuwa da manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, tana cin katin hotonka don amfanin wani. Idan ka ga kati ya yi zafi, fanka na ihu alhali ba ka buɗe komai ba, sa Windows Security ya yi cikakken bincike, in abin ya ci tura ka sake saka Windows sabo fil. Microsoft ya daina ba Windows 10 kariyar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in na'urarka za ta ɗauki Windows 11, lokacin ƙaura ya yi.

Mataki na 6: Saitin cikin gem

Saitin Ultra ba don yawancinmu aka yi shi ba. Tsakaninsa da High ido da ƙyar yake ganin bambanci yayin da ake cikin wasa, amma katin hoto yana ji a jikinsa. Fara daga High ko Medium, sannan ka riƙa sauke abu ɗaya-ɗaya kana duba alƙaluma.

Waɗanda suka fi cin ƙarfi su ne bin sawun haske, wanda ake rubuta Ray Tracing, sai inuwa, da hazo da hayaƙi, da hoton da ke bayyana a ruwa ko gilashi. Da su za ka fara. A GTA V, MSAA, wato saitin da ke daidaita gefen abubuwa, da ingancin ciyawa su ne manyan masu cin FPS. Ingancin fatar abubuwa kuwa, wato Textures, ba ƙarfin kati yake ci ba sai ma'ajiyarsa. Muddin ma'ajiyar ba ta cika ba, ka bar shi sama, domin shi ne ke sa gem ya yi kyau. Amma da zarar ta cika, kamar yadda ke faruwa da kati mai gigabait 4 a sababbin wasanni, tsayawa mai tsanani za ta biyo baya, sai ka sauke shi mataki ɗaya.

Idan awonka ya nuna furosesa ne matsalar, duk waɗannan ba za su taimaka sosai ba. Sai ka rage yawan mutane da motoci, da nisan abin da ake iya hangowa. Fortnite ma yana da Performance Mode da aka yi domin na'urori masu rauni.

Girman hoto shi ne babban nauyi. 1920×1080 ɗigo kusan miliyan 2.1 ne, 2560×1440 kusan miliyan 3.7, 4K kuma kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu na farkon. A nan DLSS da FSR da XeSS suke da amfani: gem ya zana hoton ƙarami, su faɗaɗa shi da dabara. DLSS sai katunan RTX, amma FSR 2 da 3 na AMD suna aiki har a kan tsofaffi irin su GTX 1060. Zaɓi Quality; a monita mai 1080 wannan na nufin ana zana hoton a 720, don haka sauka ƙasa da haka zai dusashe shi. Tsarin ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani, Frame Generation, yana ƙara lamba da santsi amma ba ya ƙara saurin amsa umarnin hannu. Ya dace da wasan labari, bai dace da Counter-Strike 2 ko Valorant ba.

Daga ƙarshe ka sa wa FPS iyaka. Wasan da ya tsaya cak a 60 ya fi daɗi a kan wanda ke lilo tsakanin 50 da 95, kuma na'urar ba za ta yi zafi a banza ba. RivaTuner na yin wannan, gem da yawa ma suna da shi. In monitarka tana da FreeSync ko G-Sync, wato tsarin da ke daidaita saurin allo da FPS, kunna shi, ka sa iyakar ƙasa kaɗan da saurin allon, misali 141 a kan 144Hz.

Mataki na 7: In matsalar a intanet take

Idan FPS na nan daram amma 'yan wasa na ɓacewa suna bayyana a EA Sports FC ko eFootball, ba kwamfutar ba ce. Ja wayar Ethernet daga rauta. In ba hali, matso kusa ka hau layin 5GHz. Dakatar da duk abin da Steam ko Windows ke saukewa, ka kuma sa layinka a matsayin Metered connection, wanda zai rage maka ɓarnar data. Idan sabar gem ɗin tana Turai, akwai jinkirin da nisa ne ya kawo shi, babu saitin da zai goge shi.

Mataki na 8: Idan dole sai an saya

Wanda har yanzu Windows ɗinsa ke kan tsohon faifai mai juyawa, SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri marar faifai, ne sayensa na farko, babu tantama. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kaiwa wajen 550, na NVMe kuma 3,500 ko fiye. Ba zai ƙara FPS sosai ba, amma jiran buɗewa da tsayawar da ake samu a manyan taswirori za su ragu ƙwarai. Kada ka cika shi taf, bar masa kamar kashi 15. Bayansa sai ram ya kai gigabait 16 a guda biyu, sannan katin hoto ko furosesa, gwargwadon abin da takardarka ta nuna. Masu madabod na AM4 suna da sa'a: da yawansu za su karɓi Ryzen 5 5600 ko 5700X3D bayan sabunta BIOS, ba sai an canza komai ba.

Da yawa daga cikinmu kwamfutocin ofis na gwanjo muke amfani da su, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko, amma akwatin wutarsu ƙarami ne, yawanci ba shi da wayar ciyar da babban kati, BIOS ɗinsu kuma galibi ba ya ba da XMP. Ramin katin hoto na madabod wat 75 yake iya bayarwa, don haka nemi katin da ba ya buƙatar ƙarin waya, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, kuma in akwatin kwamfutar siriri ne ka tabbatar katin gajere ne da zai shiga.

Katin hannu kuwa, kada ka biya sai an saka shi a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka ga ko sunan da ke jikinsa ya yi daidai da abin da ke ciki, domin akwai tsofaffin katunan da ake canza wa suna. Sa a yi wasa mai nauyi na rabin awa, kana kallon zafi, da ko fankokin duka suna juyawa, da ko wasu ɗige-ɗige ko layuka masu launi suna fitowa a allo.

Kada ka yi tsimi a akwatin wuta. Idan kwamfuta na mutuwa farat ɗaya a tsakiyar wasa alhali zafinta daidai yake, shi ne abin zargi na farko. Duba yawan wat ɗin da kamfanin katin ya ba da shawara, ka sayi na sanannen kamfani irin su Seasonic ko Corsair, ka guji marasa suna masu rubuta wat 800 a jiki amma ba su da nauyi a hannu. Tunda wutarmu tana hawa da sauka, janareta ma haka, sa sitabilaiza ko UPS a tsakani. Wajen sayen UPS ka duba lambar wat, ba ta VA kaɗai ba: mai VA 650 sau da yawa bai kai wat 400 ba, kwamfuta mai babban kati tare da monita kuwa tana iya wuce haka a tsakiyar wasa, sai ya kashe kansa daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Haɗa wat ɗin furosesa da na kati da na monita, ka ƙara kamar 100 domin sauran kayan ciki, ka sayi wanda ya haura jimillar.